Huɗubar Juma'a: Al'ummomin da Ba Su da Wurin Gudu

Huɗuba ta farko

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da teku, wanda Ya kafa tsibirai a tsakiyar ruwa, Ya tsirar da itatuwa a kansu, Ya zaunar da halittu a cikinsu, Ya san adadinsu da makwancinsu da abincin kowace ɗaya. Muna gode maSa, muna neman taimakonSa da gafararSa, muna neman tsarinSa daga sharrin kawunanmu da ɓarnar hannuwanmu. Ina shaida babu abin bauta wa bisa cancanta sai Shi kaɗai, kuma Annabi Muhammadu bawanSa ne ManzonSa, wanda aka aiko don rahama, har dabba da tsuntsu suka sami rabonsu a cikinta. Tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa da masu bin su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku bayin Allah, ina yi wa kaina wasiyya, ina kuma yi muku, da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane, a cikin abin da mutane ke gani da abin da babu mai gani sai Shi.

Iyayena da 'yan'uwana, huɗubarmu ta yau za ta tsallaka teku. Na san wani zai ce a ransa: Malam, ga tsadar hatsi, ga rashin tsaro, me ya haɗa mu da dajin tsibiri? Ka yi haƙuri ka saurara. Mutanen da zan ba ku labarinsu Musulmi ne, alƙiblarmu ɗaya, kuma da su muke cin karo a ɗawafi. Kanumfarin da ke cikin shayinka da turaren da ka shafa kafin ka fito masallaci, wataƙila daga ƙasarsu suka taso.

A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi sama al'ummomi ne kamar yadda mu ma al'umma ce. A Suratul Isra'i kuma Ya gaya mana kowane abu yana yi maSa tasbihi, mu ne ba ma fahimta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin wani Annabi da tururuwa ta ciza, ya sa aka ƙone gidansu baki ɗaya, sai Allah Ya yi masa wahayi Yana zarginsa da hallaka al'umma mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. Kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo cewa abin da ya hana Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba da umarnin a kashe karnuka duka shi ne kasancewarsu al'umma daga cikin al'ummomi. Imam Khaɗɗabi ya yi sharhi a nan cewa Annabi ya ƙi a shafe wani jinsi na halitta gaba ɗaya, domin babu abin da Allah Ya halitta face da hikima da amfani a cikinsa. Ku duba fa, kare ne, wanda shari'a ta tsananta a kan ajiye shi a gida ba tare da dalili ba, amma ba a yarda a ƙarar da shi ba.

Yanka rago halal ne, farauta halal ce, sare itace don buƙata halal ne. Ƙarar da jinsi wani babi ne daban. Wanda ya ci dukiyar wani yana iya mayarwa, wanda ya rushe gini yana iya sake ginawa. Wanda ya kashe na ƙarshe a cikin wata halitta, me zai mayar? Manomin da yunwa ta sa ya cinye irin shukarsa zai iya roƙon maƙwabci idan damina ta faɗi. Irin da Allah Ya ajiye a tsibiri ɗaya tak, babu maƙwabcin da za a je wa.

Dalilin da ya sa na zaɓi tsibirai ke nan. Dabbar da ke babbar ƙasa, idan an takura mata a nan, sai ta ƙara gaba. Ta tsibiri kuwa ruwa ne gabanta, ruwa ne bayanta. Da yawansu sun daɗe a wurin da babu kyanwa babu ɓera babu mafarauci, har ba su san tsoro ba, wasu tsuntsayen ma sun daina tashi. Shi ya sa a cikin jinsunan tsuntsayen da suka ƙare a duniya daga shekarar 1500 zuwa yau, kusan kashi 90 cikin 100 na tsibirai ne. A Morishas, cikin Tekun Indiya, Turawan Holan sun sauka a 1598, suka tarar da wani ƙaton tsuntsu da ba ya tashi, yana ƙwai a ƙasa, wanda aka sa wa suna dodo. Suka farauce shi, suka sare baƙin katakon dajin, dangin kanyar nan tamu, aladu da birai da ɓerayen da jiragen ruwa suka kawo suka bi ƙwai suna sha. Ganin ƙarshe da aka tabbatar an yi masa shi ne a 1662. Shekara 64 ke nan, tsawon rayuwar dattijo ɗaya.

To bari mu zo inda zancen ya fi shafar mu. Tsakanin Madagaska da Mozambik akwai ƙasar Komoros, wadda kusan dukan mutanenta Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'i. Ɗaya daga tsibiranta shi ne Anjuwan, mutanensa na ce masa Nzwani. Faɗinsa murabba'in kilomita 424 ne, duwatsu ne masu tsayi da kwaruruka, kuma sama da mutum 300,000 ne ke zaune a kansa, yawancinsu ƙananan manoma. Jama'a na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa, sai gonakin ayaba da rogo da gwaza suka riƙa hawa dutse. Ana buƙatar katako don gini, ana buƙatar itacen girki. Ga kuma furen ilan-ilan, wanda Komoros ke kan gaba wajen samar da mansa a duniya, ana kai shi Faransa ana haɗa turaruka masu tsada. Kafin a tatsi man sai an dafa furen a tukwane na sa'o'i masu yawa, kuma itace ne makamashin. An ƙiyasta cewa tsakanin 1995 da 2014 tsibirin ya rasa kusan kashi 80 cikin 100 na dajinsa na asali.

Ku ji abin da ya biyo baya. Dajin kan dutse shi ne ke kama hazo da ruwan sama, ganyen da ya zuba da saiwoyi su riƙe ruwan har ya nutse cikin ƙasa, ya riƙa fitowa a hankali ta idanun ruwa duk shekara. Da aka sare, ruwan sama ya koma saukowa da gudu lokaci ɗaya, ya kwashe ƙasar noma ya zuba a teku, laka ta rufe murjanin da kifi ke hayayyafa a ciki. Anjuwan na da koguna wajen 45 masu gudana rani da damina. Yau waɗanda ba sa ƙafewa ba su kai 20 ba. Tsibirin da ruwan sama ke zuba masa kamar da bakin ƙwarya, mata na yawo da jarka suna neman na sha, alwala ma sai an yi tattali. Wannan shi ne abin da aya ta 41 ta Suratur Rum ke faɗa mana, cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku aikin hannun mutane ce, kuma ana ɗanɗana musu wani sashe nata ne don su dawo.

A ragowar dajin nan akwai wani baƙin jemage, buɗin fikafikansa ya kai mita 1.4, babu shi ko'ina a duniya sai Anjuwan da maƙwabcinsa Moheli. Waɗanda suka rage tsakanin 1,000 ne da 1,500, suna kwana a wurare wajen 20, kuma macen ɗa ɗaya take haifa a shekara. Na ga wasu sun yi murmushi. Jemage, Malam? Ƙwarai kuwa, jemage. Shi ne ke cin ɓaure da 'ya'yan itatuwan daji, ya tashi ya zubar da irin a can nesa inda ɗan Adam ba ya hawa. Yana shuka dajin da ke riƙe ruwan da mutane ke sha. Annabi ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Ga halittar da ke dasawa kowane dare, mu kuma muna sare itacen da take kwana a kai. A dajin nan dai akwai wata ƙaramar mujiya da aka ɗauka ta ƙare tun ƙarni na 19, sai a 1992 aka sake ganin ta.

Ya ku bayin Allah, kada wani ya ji wannan ya ɗora wa talakan Anjuwan laifi shi kaɗai. Mutumin da ke da 'ya'ya bakwai da gona taƙi guda, idan ka ce masa ya bar daji, sai ka gaya masa abin da zai ci. Shari'armu ta riga ta san da wannan. Manzon Allah ya keɓe hurumin Naƙi'i kusa da Madina, ya kuma haramta sare itatuwan Madina da korar namun dajinta. Sayyidina Umar ya keɓe hurumi a Rabaza, ya ɗora wani bawansa mai suna Hunayyu a kai. Ku karanta wasiyyar da ya yi masa, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, tana cikin Bukhari. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tsare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyun idan dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabino, talaka kuwa zai zo masa da 'ya'yansa yana kuka, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa. Manyan sahabbai biyu fa, cikin waɗanda aka yi wa bushara da Aljanna, su aka tsare a bakin hurumi. Mu a zamaninmu an juya abin: a kama tsohuwa da ƙunshin itace, a ɗaga wa tirelar gungume hannu. Dokar daji da ta ginu a kan haka ba za ta tsare daji ba, kuma Allah ba Ya son ta.

A Anjuwan akwai wata ƙungiya ta 'yan ƙasar, Dahari, da ta kama hanya mai kama da ta Umar. Suna ƙulla yarjejeniya da manoman da itatuwan kwanan jemagen ke cikin gonakinsu: ka bar waɗannan itatuwa, ka dasa wasu, mu kuma mu taimake ka da iri da dabarun noma yadda gonarka ta ƙasa za ta wadatar da kai. Aikin na tafiya a hankali, kuma sara bai tsaya ba. Amma hanyar ke nan.

Sai Pemba, ɗaya daga manyan tsibiran Zanzibar biyu a Tanzaniya, su ma Musulmi ne kusan duka. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Sayyid Sa'id na Oman wanda ya mai da fadarsa Zanzibar, aka sare dazuzzuka aka dasa kanumfari, da ƙarfin bayi aka yi aikin, kada mu ɓoye wannan. Da guguwar 1872 ta karya itatuwan babban tsibirin, sai nauyin noman ya koma kan Pemba. Abin da ya rage na babban dajin asali shi ne Ngezi a arewa, hekta wajen 1,440. A babban tsibirin kuwa an yi wata damisa wadda babu irinta a wani wuri. Mutane suka yi imani cewa matsafa ne ke kiwon ta suna tura ta ta cutar da abokan gaba, bayan juyin mulkin 1964 aka yi mata gangami, masu binciken da suka neme ta a shekarun 1990 ba su same ta ba. Camfi ne ya ci ta. Kuma kafin mu yi musu dariya, mu tuna yadda yaranmu ke jifan mujiya don an ce kukanta mutuwa ne, alhali Annabi ya kore shu'umci ya kore camfin mujiya a hadisi ingantacce, ita kuwa ɓerayen rumbunka take ci.

Pemba ma na da nata jemagen, mai jan ƙirji, shi ma babu shi ko'ina sai can. Farauta da bindiga da sare itatuwa suka rage shi har a shekarun 1990 aka sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Ba soja aka kai ba. Mutanen ƙauyuka ne suka kafa ƙungiyoyi, aka shiga makarantu, aka hana harbi a wuraren kwanansa. A Kidike, kusa da Chake Chake, dubbai na kwana a itatuwan wata tsohuwar maƙabarta, wurin da dama mutane ke jin nauyin sa wa gatari. Ƙidayar 2008 ta sami aƙalla 22,000 a duk faɗin Pemba.

A yammacin Pemba kuma akwai ɗan tsibirin Misali, mai kurmi, inda kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai a yashi. A da masunta na jefa nakiya a ruwa, ta kashe babban kifi da ƙarami ta farfasa murjani. Hukuma ta hana, ba a ji ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka zauna da limamai da malaman islamiyya da shugabannin masunta, aka buɗe Alƙur'ani, aka karanta ayoyin halifanci da ma'auni da hanin almubazzaranci, limamai suka hau da su mumbari. Masunta da yawa suka ajiye nakiya. Mutum na iya ɓoye wa jami'in gwamnati a tsakiyar teku, amma ya san wa ke ganin sa. Majalisar Malaman Indunusiya ma, ƙasar da ta fi kowace yawan tsibirai masu Musulmi, ta fitar da fatawa a 2014 da ta haramta farauta da fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, a 2016 ta ƙara da haramta ƙona daji don share gona ta hanyar da ke cutarwa.

Ina faɗin wannan magana tawa, ina neman gafarar Allah gare ni da ku da sauran Musulmi. Ku nemi gafararSa, Shi ne Mai gafara Mai jinƙai.

Huɗuba ta biyu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa Musulmi, ba mu riƙe gatari a Anjuwan ba, amma kasuwa doguwar igiya ce, kuma wani bakin nata na hannunmu. Alhazai da Hajiyoyi, itacen udun da kuke sayowa a Makka da Madina, mai yawa daga cikinsa daga dazuzzukan tsibiran Borniyo da Sumatara da Niyu Gini yake fitowa. Ƙamshin ba ya samuwa sai itacen ya ji rauni wata cuta ta kama shi, kuma ƙalilan ne ke kamuwa, don haka masu nema kan kayar da lafiyayyu da yawa kafin su dace da ɗaya. Tun 1995 aka sa babban nau'insa ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke cikin haɗari. Ban ce turare haramun ne ba; Annabi yana son ƙamshi. Amma yanzu ana noma itacen a gonaki, kuma mai saye da yawa, musamman ɗan kasuwa, yana da bakin tambayar daga ina kayan suka fito.

Masu cinikin tsuntsaye, aku mai jan wutsiya da ake kamowa daga kurmi, har da tsibiran Biyoko da Firinsife da ke tekun kudu da Nijeriya, an hana fataucinsa tsakanin ƙasashe tun farkon 2017. Daga kogon itace ake ɗebo 'ya'yan, da yawa kuma a hanya suke mutuwa. Ajiye tsuntsu a gida ya halatta idan an ci da shi an shayar. Ƙanen Anas ɗan Malik yana da nasa, Annabi har yana tsokanar sa a kai. Amma da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, ta zo tana kaɗa fikafikai, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata. Abu Dawuda ne ya ruwaito.

Kuma masu sayen jan katakon da suka afka wa gandun dajin Masowala da Marojeji a Madagaska lokacin rikicin siyasar 2009, kasuwarsu ɗaya da waɗanda suka zo wa madobiyarmu a Taraba, duk ƙasar Sin ake lodi, har aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Wanda ya sa hannu a takarda ya san kansa, wanda ya karɓi na goro a shingen hanya ya san kansa. Masu unguwanni da dagatai da ke cikin sahu, hurumin garinku amana ce a wuyanku, ku tsare shi irin tsaron Umar. Malaman makarantu, ku gaya wa yara cewa an ruwaito wanda ya kashe ko gwara ba da haƙƙi ba za a tambaye shi. Mai hali kuma, idan zai yi sadaka mai gudana, ya sani dasa itace da rainonsa har ya kama na cikinta, a nan ko a can.

Ya Allah, Ka yi salati da sallama ga Annabi Muhammadu da alayensa, Ka yarda da halifofinsa shiryayyu, Abubakar da Umar da Usman da Aliyu, da sauran sahabbai baki ɗaya. Ya Allah, Ka gafarta mana ɓarnar da muka yi da saninmu da wadda muka yi da jahilci. Ya Allah, Ka mayar wa 'yan'uwanmu na Komoros ruwan kogunansu, Ka sa albarka a gonakinsu da tekunsu, Ka wadata talakansu da halal. Ka taimaki duk mai tsare amanar dajinKa a Pemba da Indunusiya da Madagaska da ƙasarmu. Kada Ka sa wata halitta taKa ta ƙare ta hannunmu. Ya Allah, Ka shayar da mu ruwa mai amfani, Ka shayar da dabbobinmu, kada Ka hana mu saboda zunubanmu. Ka shiryi shugabanninmu, Ka ba su mashawarta na gari, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka sauƙaƙa mana tsadar rayuwa. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da dukan Musulmin da suka riga mu.

Ku daidaita sahu, ku toshe kafa, a tayar da sallah.